Tambayi Magini: Wai Gidan Yari Ne Wannan Ko Otal?

Wannan watan na ajiye wasiƙun yoyon kwano da tsagewar bango a gefe, masu su su yi mini haƙuri. Wasiƙu uku ne suka zo daga garuruwa daban-daban, kuma duk a kan gidan yari suke magana.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Magini. Ni ɗan tireda ne. Sau biyu ana fasa mini shago a cikin shekara ɗaya, na biyun har da kuɗin adashen mutane da nake riƙewa. Shekaranjiya yarona ya nuna mini wani bidiyo a Facebook, wai gidan yari ne a ƙasar Norway: ɗaki da talabijin da firji da banɗaki a ciki, ga bishiyoyi ta taga. Wallahi ya fi ɗakin da nake haya. Sai kuma na ji wasu 'yan boko suna cewa mu ma a riƙa gina irinsa don a gyara halin fursunoni. Don Allah Baba, in ɓarawo ya san can za a kai shi, me zai hana shi sata? Kai da ka san gini, gaya mini tsakani da Allah, bango yana gyara hali?
*Wani ɗan tireda, Funtuwa*

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ya rufa maka asiri a wurin masu adashe. Ba zan ce ka yi wa ɓarawonka fatan katifa ba, wanda aka fasa wa shago ba a tare shi da wa'azin tausayi.

Bango ba ya gyara halin kowa, Malam. Da yana gyarawa, da mu magina mun fi malamai daraja a gari. Amma yana iya lalata hali, wannan kam na gani da idona.

Ina ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar ayyuka aka tura ni wani tsohon gidan yari, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, in auno rufin da ke yoyo kafin damina ta faɗi. Watan Afrilu ne, wajen ƙarfe biyu na rana. Da ganduroba ya zare sakata ya tura ƙofar ɗakin farko, wani huci ya buge ni a fuska kamar an buɗe tandar gurasa, wari ya biyo bayansa. Na daure na ja tef: tsawo mita takwas, faɗi biyar, murabba'in mita 40 ke nan. Na tambayi shugaban ɗakin, don kowane ɗaki da shugabansa a cikin fursunonin, na ce ku nawa ne? Ya ce sittin da ɗaya, jiya an sallami biyu an kawo uku. Kai ɗan kasuwa ne, buga lissafin da kanka. Rabon kowane mutum bai cika sallaya guda ba. A gefe ɗaya ake kwanciya kamar ashana a kwali, in za a juya kuma tare ake juyawa. Taga biyu ce, can sama daf da rufi, kowace ba ta fi faifai ba, kuma dukansu a bango ɗaya, saboda haka ko iska ta shigo ba ta da ta inda za ta fita. Bokitin bahaya yana kusurwa. Sabon zuwa shi ke kwana kusa da shi, sai fa in yana da abin sayen wuri.

Wani yaro da bai wuce shekara sha tara ba ya riƙe mini bakin tef. Na lura yana riga ni karanta awon, har da inci. Na ce, kai a ina ka san wannan? Ya ce ai shi yaron kafinta ne, zarginsa ake da satar keke, watansa tara yana jiran shari'a. Da muka fito ganduroban ya raɗa mini cewa wanda ke kwana a bayan yaron ɗan fashi ne, wannan zuwansa na huɗu. Wata tara numfashin wannan yana sauka a ƙeyar wancan, ba abin yi daga safe zuwa dare sai hira. Zama da maɗaukin kanwa, ka san abin da yake kawowa.

Abin da ya fi ci mini rai, gidan yana da shagon koyon sana'a. Na leƙa ta taga na ga benci da zarto da kekunan ɗinki uku an lulluɓe su da buhu. Sai dai wanda ya zana gidan ya ajiye shagon a wajen ƙofar ciki, daf da babbar ƙofar fita. Kafin a kai mutum biyar can sai an ware gandurobobi biyu su tsaya a kansu, su kuwa ba su da yawan da za su yi hakan. Sai aka danna wa shagon kwaɗo aka huta. Da mai zanen ya matso da shi mita goma ciki, da ganduroba ɗaya daga kan bencinsa ya isa. Na rubuta wannan a rahotona, aka ce mini rufi aka aike ni aunowa.

To Malam, wannan yaron zai fito, ɗan fashin ma zai fito. In ka cire 'yan kaɗan, duk wanda ya shiga gidan yari wata rana zai dawo unguwa, ya wuce ta ƙofar shagonka. Wuyar da kake so ya sha ya sha ta, har ta yi yawa. Saura ka tambayi kanka da me ya fito a hannu, zarto ko sabbin abokai.

Yanzu bidiyonka. Mai yiwuwa gidan Halden ka gani, don shi aka fi yawo da shi. An buɗe shi a 2010, yana ɗaukar mutum wajen 250, kuma ba na masu ƙananan laifi ba ne, akwai masu kisan kai da masu fyaɗe a ciki. Abin da masu bidiyo ba su cika nunawa ba shi ne katangar kankare mai tsayin mita shida da ta kewaye shi, da ƙofar da ake kulle wa kowa da dare. Su a wurinsu hukuncin shi ne raba ka da 'yancinka: ba ka zuwa inda kake so, ba ka kwana da iyalinka, wani ke gaya maka lokacin tashi. Alƙali bai ce a haɗa maka da tarin fuka da ƙazwa ba, saboda haka ba sa haɗawa.

Ni a matsayina na magini, talabijin da firjin ba su ne suka ɗauki hankalina ba. Na farko, wurin kwana daban, wurin aiki da makaranta daban, da gangan aka raba su. Kullum da safe sai mutum ya shirya ya fita ya taka a ƙasa cikin bishiyoyi ya tafi aiki, da yamma ya dawo, kamar yadda zai yi ranar da aka sake shi. Sannan ba a tara su garke guda ba, an karkasa su kamar goma-goma, kowane rukuni da kicin da wurin zamansa, ta yadda ma'aikaci ya san kowa da sunansa da halinsa. Wanda ya fi burge ni kuwa, ofisoshin gandurobobi an yi su ƙanana da gangan, don kada ma'aikaci ya ji daɗin zama a ciki ya rufe ƙofa. Dole ya fito cikin fursunonin, ya ci abinci da su, ya ji wanda aka yi wa rasuwa da wanda ke shirin faɗa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar tayil ko na'urar sanyaya ɗaki.

Alƙaluman da aka fi ambata sun ce kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke sake komawa hannu cikin shekara biyu da fitowa a Norway. Amma kada wani ɗan boko ya ce maka ginin ne kaɗai ya yi wannan. Fursunoninsu duka wajen dubu uku ne, ganduroba sai ya yi shekara biyu yana karatun aikin, kuma wanda ya fito ana taimaka masa ya sami wurin kwana da abin yi. Halden ya ci kusan kurona biliyan ɗaya da rabi, kuɗin Norway ke nan, saboda mutum 250. Mu da ke da fursunoni wajen dubu tamanin, in muka ce sai irinsa, mun daka rawar wani ke nan.

In misalin talaka kake so, duba Indiya. A Sanganer, kusa da birnin Jaipur, akwai wani sansani da ake kai fursunonin da suka ci wani kaso na wa'adinsu ba tare da matsala ba, da yawansu ma ɗaurin kisan kai suke yi. Suna zaune da matansu da 'ya'yansu a ƙananan ɗakuna. Da safe a kira suna, kowa ya fita neman abincinsa cikin gari, da yamma a sake kiran suna. Ɗaurin talala ne da ka sani, gwamnati kuma ta huta da ciyar da su. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, akwai sansanin Kakuri a Kaduna da gonakin fursunoni irin na Kujama.

Kada kuma ka ɗauka duk wanda ya zo da niyyar gyara ya dace. A 1829 aka buɗe wani katafaren gidan yari a Filadelfiya ta Amurka, mutanen kirki masu son addini suka tsaya aka gina shi. Tunaninsu shi ne a keɓe kowane fursuna shi kaɗai a ɗaki mai 'yar taga a rufi, ba ya ganin kowa, ba ya magana da kowa, har in za a fito da shi sai an rufe masa kai da buhu, wai don ya yi nadama tsakaninsa da Ubangijinsa. Da yawa hankalinsu ne ya taɓu. Daga baya aka yi watsi da tsarin. Cunkoso yana kashe mutum, kaɗaici ma haka.

Namu gidajen kuwa yawancinsu gadon Turawa ne. Na titin Broad a Legas an gina shi a 1872, yanzu ya zama wurin shaƙatawa. Na Kurmawa a Kano tun 1910 yake nan. Don tsarewa aka yi su, babu wanda ya zauna ya yi tunanin aji ko shago. Wasu ma tsarewar ta fara gagararsu: a Afrilun 2024 ruwan sama ya rusa katangar gidan Suleja, fiye da mutum 100 suka fice, a Satumbar shekarar kuma ambaliyar Maiduguri ta yi irin wannan aikin. A 2019 aka yi dokar da ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali. Dokar tana da kyau, har ta ba kwanturolan jiha ikon ƙin karɓar sabbin fursunoni in gida ya cika. Sai dai sauya allon ƙofa ba ya faɗaɗa taga.

An gina sabon gida mai cin mutum 3,000 a Janguza ta jihar Kano, kuma na ji daɗin hakan. Ra'ayina dai, dubu uku a wuri guda gari ne, in ba a yanka shi gida-gida ƙanana ba, ma'aikaci ba zai san kowa ba sai lamba. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke kamar yaron kafintan nan. Muddin kotu ba ta motsa ba, duk girman randar da muka gina za ta cika ta tumbatsa. Wannan ba aikin magini ba ne.

Tambaya: Baba Magini, ina yi maka fatan alheri. Ɗana ya yi wata goma sha huɗu a tsare kafin kotu ta sallame shi ba ta same shi da laifi ba. Duk ranar ziyara sai in yi sammako in shiga mota, in wuni a rana a bakin katanga, a ƙarshe in gan shi ta bayan waya minti biyar, kowa yana ihu don nasa ya ji shi. Sau ɗaya na tafi da 'yarsa, ta fashe da kuka ta ƙi kallonsa. Yanzu ya dawo amma har yau ba ta yarda ya ɗauke ta. Shin ba yadda za a yi a gina wa iyalai wurin ganawa na mutunci?
*Wata uwa, Gusau*

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Allah ya sa kaffara ne, ya daidaita tsakanin uba da 'yarsa. Ki bar ta, kada a tilasta mata, yara suna saukowa da kansu.

Akwai yadda za a yi, kuma ba ya cin kuɗi. Mu da muka gaji zaure bai kamata a koya mana wannan ba. Me zaure yake yi in ba wurin da na ciki da na waje ke haɗuwa ba tare da baƙo ya shiga cikin gida ba? Gidan yari yana buƙatar zaurensa: ɗaki ko rumfa mai ƙofa biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da benci da teburi inda za ki zauna ki kama hannun ɗanki, ganduroba yana gefe yana kallo. A caje mai ziyara kafin shiga, a caje fursuna bayan fita, tsaro bai ragu da komai ba. A waje kuma a yi inuwa da randa da makewayin mata, da ɗan ɗakin da mace za ta caje mace a rufe. Buhun siminti nawa wannan zai ci?

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a bar fursuna ya riƙa ganawa da iyalinsa a kai a kai, kuma a yi ƙoƙarin tsare shi kusa da gida. A Halden ɗin da na ambata har ɗan gida aka ware inda uba zai kwana ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Ban ce mu kai can ba. Amma shi ya sa nake jin tsoron yayin da ake yi na kwashe gidajen yari a kai su bayan gari inda mota ba ta zuwa. Fili ya fi arha a can, gaskiya ne, sai dai kuɗin ya koma kan tsohuwa irinki. In zuwa ya gagara, zumunci ya yanke, ranar da aka buɗe wa mutum ƙofa ba shi da gidan da zai nufa sai na abokan da ya yi a ciki.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a fannin zanen gine-gine. Aikin kammala karatuna shi ne gidan gyaran hali na mutum 500. Malamina ya ce zanen da na kai masa ya yi kama da makarantar kwana. Ta ina zan fara gyarawa?
*Wata ɗaliba, Zariya*

Amsa: 'Yata, ki gaishe mini da malaminki, ki ce masa makarantar kwana mai katanga mai kyau ba abin kunya ba ce. Amma kafin ki sake ja layi ko ɗaya, ɗauki takarda ki rubuta wunin mutum guda daga asuba zuwa isha: ina zai yi alwala, ina zai karɓi gabzarsa ya zauna ya ci, ƙofa nawa zai wuce kafin ya kai aji, ma'aikaci nawa kowace ƙofa take ci. Duk wurin da sai an yi wa mutum rakiya kafin ya je, ki sani wata rana za a rufe shi.

Ga awon da za ki riƙe. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba da shawarar murabba'in mita 5.4 ga ɗakin mutum ɗaya, da 3.4 ga kowane mutum a ɗakin tarayya, da masai ɗaya ga mutum 25, da tagogin da faɗinsu ya kai kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗakin. Da wannan awo, ɗakin nan da na tarar da mutum sittin da ɗaya na mutum sha ɗaya ne. Wannan mafi ƙaranci ne, ba abin alfahari ba. Ruwa sun ce lita 10 zuwa 15 a rana ga kowa, ke kuwa ki ninka, don masu salla biyar za ki ajiye a ƙasar zafi. Ƙa'idojin Mandela sun ce taga ta isa mutum ya yi karatu da hasken rana, kuma kowa ya sami aƙalla awa ɗaya a sarari kullum.

Ki raba ɗari biyar ɗin nan sassa-sassa, kowane sashe da tsakar gidansa da bishiyar darbejiya ko biyu da ba su kusa da katanga. Masu jiran shari'a daban da waɗanda aka yanke wa hukunci, matasa daban da manya, mata kuma da gidansu da ƙofarsu, kada ki manta wasunsu da goyo suke zuwa. Taga a bango biyu masu kallon juna, rufi mai tsayi da mafitar zafi a sama, dogon bango kada ya fuskanci yamma. Bokiti kada ya shiga zanenki ko da wasa, masai a cikin ɗaki da ɗan bangon sutura. Ki sa ɗakin masu tari nesa da sauran, ki sa masallaci da coci, ki ware ɗaki ɗaya kusa da ƙofa da alƙali zai iya zama a ciki. Magudanar ruwa kuwa ki fara da ita tun kafin katanga, Suleja ta isa darasi.

In da hali, ki nemi izini a rubuce ta hannun sashenku ki shiga gida ɗaya da rana tsaka a watan Afrilu, ki tsaya a ɗaki minti goma. In kin gyara zanen ki aiko mini ta ofishin mujalla, da sikelinsa a jiki. Shagon kafinta zan fara nema.